Waiwaye: Dashe Yini Ɗaya, Reno Shekara Uku

Masu tarihi sun ce tun kafin zuwan Bagauda wasu maƙera da ake kira Abagayawa suka taso daga Gaya suna neman tama, suka same ta a gindin Dutsen Dala, suka yada zango, kuma daga nan Kano ta soma. Masu tonon ƙasa ma sun ga alamun narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Mu mutanen ƙasar Gaya muna son wannan labari, ba ma gajiya da maimaita shi, musamman in Bakano ya fara yi mana kallon ƙauyawa. Abin da ba mu cika kawowa ba shi ne tama ba ta narkewa da fatar baki. Sai da gawayi, gawayin ma na icce mai tauri irin su ƙirya, kuma kafin a fitar da ƙarfen da zai isa garma ɗaya sai itace mai yawa ya ƙone. Ke nan sana'ar da ta ɗaga sunanmu da gatari ta fara.

Duk da haka, bayan ɗaruruwan shekaru ana sara, wanda ya taso daga Wudil ya biyo ta Gaya ya karkata Ajingi har Gafasa zai ga gonakin gero da dawa da gyaɗa da ɗorawa a tsakiyarsu, ga gawo, ga kuka, ga tsamiya, ga kanya. Ba gwamnati ce ta dasa su ba. Baturen nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya shafe shekaru tun daga shekarun 1960 yana nazarin gonakin da ke kewaye da Kano, shi da abokan aikinsa har ƙirga bishiyoyi suka yi. Sun tarar da abin da ya ba masanan Turai mamaki: inda mutane suka fi cunkoso, bishiyoyin gona ba su ƙare ba, manoma suna tattalinsu, suna sassaƙe reshe su bar uwa. Itacen da birni ke ƙonawa da yawansa daga nesa manyan motoci ke kwaso shi, daga dazukan da ba na kowa ba. Ɗorawar gona tana da mai ita. An san wanda zai tsinke ta, an san matar da za ta dafa kalwar ta yi daddawa, kuma in gado ya tashi ana lissafa ta. Ba a yi mata wasa.

Sai fari ya zo. Na shekarun 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya watsa garuruwa, na 1984 ya maimaita, har yau tsofaffi suna kiran waccan yunwa da sunan shugaban ƙasa na lokacin. Daga nan maganar kwararowar hamada ta shiga bakin kowane mai riƙe da muƙami. Aka jera layukan turare da darbejiya a arewacin Kano don tare iska, aka buɗe wuraren renon dashe, Bankin Duniya ya kawo kuɗi, aka ware ranar gangamin dashen itatuwa duk damina. Kowa ya san yadda ranar take. A kafa rumfuna, 'yan makaranta su jeru, babban baƙo ya iso a makare, a shimfiɗa masa tabarma don kada babbar riga ta taɓa laka, ya saka dashen a ramin da wani ya haƙa, a miƙo masa butar ban ruwa sabuwa ful, a ɗauki hoto, a watse. Watan Agusta ne, ƙasa a jiƙe, dashen ya yi shar. Sai a dawo a watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan ƙasa har takalmi ya yi laushi, a nemi wurin. Akuya ta ci na ci, gara ta gama da saura, abin da ya rage sai allon da aka rubuta sunan babban baƙo. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa daga Senigal zuwa Jibuti, Nijeriya ta kafa wa shirin hukuma da doka a 2015, Kano na cikin jihohi 11 da ya shafa. An yi aiki, ban musa ba. Amma ciwon nan na tsakanin Agusta da Afrilu bai warke ba.

Wannan ciwo ne ya sa nake son mu leƙa gidan wasu mutane da ba mu saba leƙawa ba, wato Yahudawa, mu ga yadda wuraren ibadarsu da makarantunsu suka riƙi maganar icce da ruwa da wuta. Na san zuciyar mai karatu a cike take da abin da ake yi wa Falasɗinawa, tawa ma haka, kuma zan zo kan wannan. Sai dai addinin Yahudanci ya girmi ƙasar Isra'ila ta 1948 da dubban shekaru, kuma fiye da rabin mabiyansa ba a can suke zaune ba. Malamanmu sun koya mana ɗaukar hikima duk inda muka tsince ta.

Asalin abin a wurinsu doka ce a cikin Attaura wadda ta hana mayaƙan da suka yi wa gari ƙawanya sare itatuwa masu 'ya'ya. Duk wanda ya zauna gaban malami zai tuna da irin wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunar da ya tura Sham. Malaman Yahudawa ba su bar dokar a fagen yaƙi ba, sun jawo ta har cikin gida. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya yi likitanci a fadar Salahuddin a Masar ya rasu a 1204, ya rubuta cewa haramcin ya hau kan mai fasa kwano da gangan, da mai yaga tufa, da mai toshe idon ruwa, da mai lalatar da abinci. Suna kuma da dokar hutar da gona duk shekara ta bakwai, wadda ta baya-bayan nan ta faɗo daga Satumban 2021 zuwa Satumban 2022. Akwai wata ma da ta fi burge ni: icce in an dasa shi ba a cin 'ya'yansa sai ya wuce shekara uku. Ko mene ne dalilinta na addini, ta tilasta wa mai gona ya san shekarun kowace bishiya tasa, ya riƙa ƙirga mata.

To, ƙirga shekaru yana bukatar ranar da za a fara lissafi. Shi ya sa suka tsayar da 15 ga watansu na Shebat, wanda ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu, ya zama sabuwar shekarar itatuwa, Tu Bishbat. Da can ranar lissafi ce kawai, don a san 'ya'yan itacen wace shekara za a fitar wa ushiri. Daga baya masu tasawwufinsu na garin Safad suka mai da ita ranar cin 'ya'yan itace da addu'a. A 1890 wani malamin makaranta, Ze'eb Yabez, ya fita da ɗalibansa dashe a ranar, a 1908 ƙungiyar malamansu ta mai da hakan al'ada. Yau ko a Landan ko a Toronto, yaron da ke makarantar Yahudawa ya san ranar nan kamar yadda namu ya san ranar cika-ciki. Ba minista ne ke sanar da ita ba, kuma ba ta jiran a saki kasafin kuɗi.

Sabon salon abin a Amurka ya bunƙasa. A 1978, bayan rikicin man fetur da ya girgiza ƙasar, wani malaminsu mai suna Everett Gendler ya dubi fitilar nan da ke ci dare da rana a gaban ma'ajiyar Attaura a kowace majami'arsu, wadda ba a yarda ta mutu, ya haɗa ta majami'arsa da ke garin Lowel a jihar Masacusets da hasken rana. Wutar da fitila ɗaya ke sha ba ta taka kara ta karya ba. Amma ya zaɓi abin da kowane mai ibada ke kallo duk Asabar, kuma bayan haka ba ya bukatar dogon wa'azi. A 1993 manyan ƙungiyoyinsu suka kafa haɗakar kula da muhalli. A 2000 aka kafa wata ƙungiya mai suna Hazon, wadda a 2004 ta fara wani tsari da manomi zai so ya ji: 'yan wata majami'a a birnin Niyok suka haɗa kuɗi suka biya wani manomi tun kafin shuka, shi kuma duk mako ya kawo musu kayan lambu harabar majami'ar su raba. In shekara ta yi kyau kowa ya ci, in ta ɓaci an raba asarar, manomi bai je ya ci bashi da ruwa ba. A 2008 wata majami'a a Ebanston, kusa da Shikago, ta sake gininta da tsofaffin katakai da ɓaraguzan tsohon ginin, ta zama wurin ibada na farko da ya sami lambar ƙoli ta gine-gine masu tsimin makamashi a ƙasar. A Ingila kuwa tun 2018 suke da wani tsari da suka aro daga coci-coci, inda kowace majami'a ke cike takarda: wuta nawa aka sha, shara nawa aka zubar, me aka koya wa yara, me aka shuka a harabar. A duba, a ba da maki.

In aka tace duk wannan, ba kuɗi ba ne sirrin, ko da yake suna da shi. Abu uku ne suke dawowa a kowane labari: akwai rana tsayayya a kalandar ibada, akwai mutane sanannu da aka ɗora wa aikin, kuma akwai ranar da za su tsaya gaban jama'a su ba da lissafi. Gangaminmu na dashe yana da ta farko kawai, ita ma aro ce daga ofis.

Yanzu ga ɗaya fuskar. A 1901 aka kafa Asusun Ƙasa na Yahudawa a birnin Basel na Suwizalan. Suka rarraba ƙananan gwangwanaye shuɗaye gida-gida da makaranta-makaranta, yara suna jefa kwabbai, ana sayen filaye a Falasɗinu, daga baya ana dasa itatuwa. Asusun yana cewa ya dasa sama da miliyan 240. Wajen iya tara taro da sisi, babu kamarsu. Amma mafi yawan abin da aka dasa a farko wani icce ne mai ganye kamar allura, mai saurin girma, mai ƙaro, jere-jere iri ɗaya, ba ya ba da abinci kuma yana cin wuta kamar an zuba masa kananzir. A Disamban 2010 gobara ta tashi a dajin Dutsen Karmel, mutum 44 suka mutu. Fadamar Hula da suka tsotse ruwanta a shekarun 1950 suna murna, ƙasarta ta riƙa cin wuta ta ƙarƙashi tana nitsewa, dole a shekarun 1990 suka mayar wa wani ɓangare ruwansa. Mafi muni, an yi amfani da dashe wajen rufe kufai. Ƙauyukan Imwas da Yalu da aka rushe a 1967, aka kori mutanensu, yau wurin shaƙatawa ne mai inuwa da aka gina da gudummawar Yahudawan Kanada, baƙo zai yi yawo a ciki bai san yana taka tsakar gidan wani ba. Akwai Yahudawa da yawa da ke faɗin wannan a fili, wasunsu ma kan je su taya Falasɗinawa tsinkar zaitun don kare su daga 'yan kama-wuri-zauna. Dasa icce ba ya wanke zalunci. Kuma mu ma nan mun ga yadda ake zagaye burtali ko makiyaya da sunan gandun daji, bayan shekara biyu a ga ta koma gonar wani babba.

Ba sai mun je nesa ba ma don ganin abin da ya yi aiki. A Maraɗi wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ɗin SIM, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sharewa lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai a ƙasa. Sai ya ce a bar toho biyu ko uku mafiya ƙarfi, a sassaƙe saura. Da farko dariya aka yi masa, don manomin kirki a lokacin shi ne mai gona fes. Yunwar 1984 ce ta sa mutane suka karɓa, saboda ana ba da abinci a madadin aiki, kuma da abincin ya ƙare da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari ne suka ga gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, ga makamashi, ga abincin dabba a bazara. Wannan dabara da aka sa wa suna sassabin zamani ta bazu daga baki zuwa baki. Abin da ya ƙarasa shi kuwa shi ne da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata iccen da ya rena nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba in ya sari reshe. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam sun kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Magana ɗaya ce da ta ɗorawar Gafasa: icce mai uba shi ke rayuwa.

To ina iccen da ba na gona ba, na cikin gari, na kowa da kowa? Wa zai zama ubansa? A garuruwanmu babu ofishin da ke buɗe sau biyar a yini, kwana bakwai a mako, ba yajin aiki, sai masallaci. Kuma hujja tana nan a ƙofarsa. Ku dubi inda ake alwala a kowane tsohon masallacin unguwa. Ruwan ya bi wata 'yar hanya da ya yi wa kansa, ƙasar wurin baƙa ce kullum, kaji suna tono, a ƙarshenta kuwa sau da yawa za ka ga darbejiya ta yi kauri, ganyenta shar a tsakiyar bazara, alhali 'yan'uwanta na bakin titi sun yi furu-furu. Ba wanda ya taɓa ɗaukar bokiti ya ba ta ruwa. Na taɓa tambayar wani dattijon ladan wa ya dasa ta ƙofar masallacinsu. Ya ce, "Yaro, tsuntsu ne ya dasa. Ni dai ƙaya na kewaya mata, na ce duk wanda ya ɗaure mata tunkiya ni da shi." Ita darbejiyar ma baƙuwa ce, daga Indiya asalinta, wajen 1928 aka shigo da ita Barno, amma ta sami masu tsaya mata ta zama 'yar gari.

Mu ƙaddara masallaci yana da mutum 50 da ke alwala a cikinsa kowace salla, kowa da lita ɗaya. Lita 250 ke nan a yini, fiye da duro guda, ruwa mai tsabta ba sabulu. A mafi yawan sababbin masallatanmu an zuba siminti, an sa tayil, an ja bututu an kai ruwan kwata, ya kwanta ya tara sauro. Masallacin ya yi kyau a ido, amma in an fito sallar azahar babu inuwar da za a tsaya a gaisa. Tsawon bututu ɗaya zuwa ramuka huɗu ko biyar da aka cika da taki zai rayar da mangwaro da zogale da lemo ba tare da an roƙi kowa ba.

Maƙabarta ma shaida ce. A garuruwa da yawa, in kana neman inda tsofaffin itatuwan gida suka saura, aduwa da magarya da kanya, can za ka same su, don ba mai shiga da gatari. Kunya da tsoron Allah sun tsare abin da dokar gandun daji ta kasa. Tsangaya kuwa ita ce ta fi bukata. Kowa ya san almajirai da ɗaukar kara da itace don wutar karatun dare, kuma kowace shekara tafiyar neman itacen tana ƙara nisa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gas da kananzir suka fi ƙarfin talaka, gidajen birni da yawa suka koma gawayi, buhunan da ke jere a bakin titi kuwa daga jikin ƙirya da kaɗanya suka fito. Alaramman da ya sami fitilar sola biyu ya huta da rabin wannan wahala, idon yara ma ya huta da hayaƙi. In kuma mai gari ya yanka wa tsangaya ɗan fili ya zama wakafi, aka yi masa sassabin zamani, kowane almajiri da nasa kututturen da yake reno, cikin 'yan shekaru makamashin girkin makarantar zai fito daga nan.

Nassi ba shi ne muka rasa ba. Yaron islamiyya ma ya san ladan wanda ya dasa icce har mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, ya san an hana ɓarnar ruwa ko da a alwala ne. Wasu Musulmin sun riga sun yi nisa: Maroko ta fara sa wa ɗaruruwan masallatai sola tun 2016, babban masallacin Kambirij a Ingila da aka buɗe a 2019 yana tara ruwan sama don ban ruwan lambunsa. Masallatanmu da yawa su ma sun sa sola, sai dai tsadar mai ce ta kore mu daga janareta, ba wa'azi ba. Hakan ma ba laifi.

Matsala ɗaya ita ce rana. Yahudawa suna ƙara wata guda a wasu shekaru don bukukuwansu su tsaya a lokacinsu na shekara. Namu watannin zagayawa suke yi, azumin da aka yi da sanyi wata rana da zafi za a yi shi, don haka ba za a ɗaura dashe a kan Sha'aban ko Rajab ba. Amma manomi yana da nasa lissafin, ya san ruwan shuka, ya san marka. Liman da kwamiti za su iya cewa Juma'ar farko bayan an gama noman fari ita ce ranar dashen masallaci, a dasa goma kacal, ba ɗari biyar ba, kowace a damƙa ta ga wani gida da sunansa, da sharaɗin shekara uku: ƙaya, ruwa, toka saboda gara. Sa'annan a tsakiyar bazara, ranar da ma'aji ya miƙe bayan sallama zai karanta abin da aka samu a asusu da abin da aka kashe wa tabarmi da batir, ya ƙara layi ɗaya a takardarsa. In goma aka dasa shida suka rayu, ya ce shida, ya kuma faɗi gidan da akuyarsu ta cinye huɗun.